Yadda ake gane abin da ke sa bushiyar gida huci, da abin da zaka yi a kai

Daren farko da na miƙa hannu cikin keji zan ɗauki bushiyata sai da na zabura na ja baya, ƴar ƙaramar aba da ko tafin hannu bata gama cikawa ba amma ƙarar da ta yi kamar an saki iskar tayar keke, fuu fuu fuu, ga ƙaya ta miƙe ta ko'ina, tana yi tana ɗan zillo a wuri ɗaya. Na ce shikenan na sayo wa kaina rigima, wannan dabbar bata ƙaunata. Ashe ni ne ban iya yarenta ba. Hucin bushiya kurari ne, kuma kurarin mai tsoro ne ba na mai neman faɗa ba, in ka riƙe wannan sauran duk zai zo maka da sauƙi. Ga yadda nake bi in gano dalilin hucin, mataki mataki.

Mataki na farko: ka san wacece a hannunka

Bushiyar da aka fi ajiyewa a gida ita ce ƴar ƙaramar nan ta Afirka mai farin gashi a cikinta, wadda masana ke kira Atelerix albiventris, yatsu huɗu gare ta a ƙafar baya, nauyinta yawanci tsakanin giram 300 zuwa 600 ne. A daji ita abin farauta ce, manyan mujiyoyi na sure ta daga sama, kuma bata da gudun tsira, bata da faratan faɗa, abin da Allah ya bata kawai ƙaya ce kimanin 5,000 da wata tsoka da ta zagaye jikinta wadda in ta ja ta sai ta tsuke kamar an ja zariyar wando, kai da ƙafa da ciki duk su shige. Idonta kuma ba wani gani sosai yake ba, hanci da kunne su ne komai nata. Sannan dabbar dare ce, kuma ita kaɗai take rayuwarta, ba kamar kare ko akuya ba da suka saba da zaman taro.

To ka haɗa waɗannan: bata gani sosai, bata gudu, tana barci da rana, sai kawai ta ji wani ƙaton abu mai baƙon wari ya yaye mata rufi daga sama. Me kake so ta yi? Sai ta fesa iska ta hanci da ƙarfi don ta yi kama da abu mai haɗari. Iyakar hucin kenan. Kuma a cire tsoro, bushiya ba beguwa bace, ƙayarta bata harbi, bata da dafi, bata maƙalewa a fata, da sinadari ɗaya aka yi ta da farce da gashi.

Mataki na biyu: ka tabbatar huci ne ba wata ƙara ba

Mutane da yawa duk ƙarar da ta fito daga keji huci suke ce mata, alhali ba haka bane. In tana yawo da dare tana shinshine shinshine, hanci a ƙasa, ƙaya a kwance, zaka ji ƴar ƙara fis fis a hankali, wannan lafiya lau ne, neman abinci take. Akwai wani ɗan gurnani mai taushi da wasu ke yi in sun saki jiki. Jarirai na yin tsuwa kamar ƴan tsaki, namiji ma yana yin irinta in ya ji warin mace. Huci na gaske shi mai ƙarfi ne, a jere yake zuwa, gaba ɗaya jikin na motsi da shi, wani lokacin har da wata ƙara ƙas ƙas da zabura.

Biyu ne bana son ka ɗauke su a matsayin huci. Na ɗaya ihu, ƙara mai tsini kamar ta jariri, wannan zafi ne ko firgita mai tsanani, tashi ka duba nan take. Na biyu numfashi mai ƙara da baya tsayawa ko ba kowa kusa da ita, ga atishawa, ga majina a hanci, tana yawan lasar hancin, ko tana numfashi baki buɗe. Huci na tsayawa in abin tsoron ya tafi, ciwon ƙirji baya tsayawa, kuma a jikin dabba ƙarama haka yana saurin zama limoniya. Wannan na likitan dabbobi ne, ba gobe ba, yau.

Mataki na uku: ka kalli jikin, kar ka tsaya a kunne

Ƙayar goshi ita ce ke fara tona asiri. In ta ɗan sauko da ƙayar goshin ta rufe ido kamar mai haɗe rai, ta yi fuu ɗaya ko biyu amma sauran jikin a sake, ƙorafi ne kawai, irin na wanda aka tasa daga barci. In ƙayar baya ta miƙe ta sassarƙe, wasu sun kalli nan wasu can, tsoron ya ƙaru. In ta dunƙule gaba ɗaya tana huci tana zillo zuwa wajen hannunka don ta soke ka, ta kai ƙarshe kenan, a nan ba abin da zaka koya mata sai dai ka jira. Kada ka taɓa ƙoƙarin ɓare ta da ƙarfi, tsokar nan ta fi yadda kake zato ƙarfi kuma kana iya ji mata ciwo.

Mataki na huɗu: me ya faru daf da hucin?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na fi daɗewa. Ka samu ɗan littafi ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, ka yi sati ɗaya duk lokacin da ta yi huci ka rubuta ƙarfe nawa ne, me ka yi, me ke hannunka, wace ƙara aka yi. Kafin satin ya ƙare zaka ga abin na maimaita kansa.

Lokaci shi ne na farko. In da tsakar rana kake zuwa ɗaukarta to laifinka ne, tsakar darenta kenan. Ka bari sai bayan faɗuwar rana, ka rage hasken ɗakin, ka ɗan yi magana ƙasa ƙasa kafin ka taɓa komai, ka yaye rufin a hankali ka bata kamar minti 5 ta wartsake ta yi bayan gida, wannan ma zai cece ka daga kashi a cinya.

Wari shi ne na biyu kuma shi mutane suka fi mantawa. Da hanci ta san ka, ba da fuska ba. Ranar da ka canza sabulu ko man shafawa ko ka fesa turare, ko ka shafa kare ko kyanwa ka zo, a wajenta wani mutum ne daban ya shigo. Ni sai da na yi kwana uku ina mamakin me ya sa ta koma min kamar ranar farko, ashe sabon man wanke hannu ne mai ƙamshin lemo. Ka zaɓi sabulu ɗaya mara ƙamshi ka riƙa wanke hannu da shi kullum kafin ka taɓa ta, sai ya zama shi ne sallamarka.

Sai ƙara. Ba lallai babbar ƙara ba, ƙara mai kaifi wadda ta zo ba zato ita ce matsalar, kacaukacau ɗin makullai, ƙarar leda, atishawa, tsaki, ƙarar shigowar saƙo a waya, rufe ƙofa da ƙarfi. Wani abin dariya, irin kiran da muke wa kyanwa da baki, tsss tsss, a kunnen bushiya huci ne kai ma kake mata. Sai kuma inuwa, duk abin da ya gifta ta samanta zata ɗauka mujiya ce, shi ya sa hannu daga sama kullum da huci ake tarbarsa.

Ka duba kejin ma. Akwai maɓoya mai duhu da zata shige gaba ɗaya? Bushiyar da ba ta da wajen ɓuya a tsorace take kwana. Kejin yana kusa da talabijin ko hanyar da kowa ke bi? Ka haɗa ta da wata? Maza biyu faɗa zasu yi, kuma ko mata ma ba kullum suke jure juna ba. Akwai wilin gudu mai shafaffen ciki, faɗin kamar santimita 28 zuwa 30? Dabbar da ke iya cin kilomitoci a dare ɗaya in ka tsare ta ba motsi dole ta zama mai fushi. Sabon gida kuwa, ko an canza mata shimfiɗa gaba ɗaya an wanke warinta tas, ka sa ran huci na ƴan kwanaki, a sabuwar bushiya har makonni.

Mataki na biyar: wata nawa take?

In ƴar taka bata wuce wata shida ba kuma kwatsam ta zama mafaɗaciya, ka duba shimfiɗarta. In ka ga ƙananan ƙayoyi sun zuba, ka ɗan buɗa bayanta a haske ka ga sababbi na tsirowa ta fata, to canjin ƙaya take, tana zubar da ta yarinta tana fito da ta girma. Yakan fi tsanani wajen sati 6 zuwa 12. Kamar dai yaro mai fitar da haƙori, sai dai ita ɗaruruwa ne ke huda fata a lokaci ɗaya, kaga kuwa ai tana da gaskiyar yin huci. A wannan lokacin kar ka shafa bayanta, amma kuma kar ka daina ɗaukarta, ka bar ta ta kwanta a cinyarka cikin tsumma mai laushi kawai. Wanka da ruwa mai ɗumi ɗumi wanda bai wuce cikinta ba yana ɗan sassauta mata, amma ba kullum ba don yawan wanka na busar da fatar, kuma ka tsane ta sosai kafin ta koma keji.

Bambancin da zaka riƙe: a canjin ƙaya ba a samun wajen da ya zama sanƙo. In ka ga fili ba ƙaya ba kuma sababbi, wata magana ce, tana tafe a mataki na bakwai.

Mataki na shida: ka auna zafin wajen

Kar ka yi aiki da yadda jikinka ke ji, ka sa ma'aunin zafi a cikin kejin. Digiri 24 zuwa 27 shi ne daidai. In ya sauka ƙasa da 20 wannan jinsin na iya ƙoƙarin shiga dogon barcin sanyi, kuma jikinta ba irin na bushiyar Turai bane, yana iya kashe ta. Alamar ita ce ta dunƙule ta ƙi buɗewa, hucin ya yi rauni ko ya ɓace, ciki sanyi ƙalau, in ta tashi tana tangaɗi. Ka sa ta cikin rigarka a jikin fatarka ta ɗumama a hankali, banda ruwan zafi, banda manna ta da hita, in bata dawo daidai cikin kamar awa ɗaya ba ku tafi wajen likita. Iskar fanka ko esi da ke bugun kejin kai tsaye ma tana jawo haka. In zafi ne ya yi yawa, sama da 30, zaka ganta ta baje a kan cikinta ƙafafu a warwatse tana haki.

Mataki na bakwai: in hucin sabo ne, ka zargi ciwo

Wannan shi ne matakin da bana son kowa ya tsallake. Bushiyar da tun asali mai huci ce bata ɗaga min hankali. Wadda ta saba da kai, kuna zaune lafiya wata da watanni, sai rana ɗaya ta koma huci da dunƙulewa kuma ka duba wari da ƙara da zafi baka ga komai ba, to ruwa baya tsami banza. Dabbar da ake farauta ɓoye ciwo take har sai ya ci ƙarfinta, sau da yawa canjin hali shi ne kaɗai alamar da zaka samu.

Ka sa ta a cikin roba mai garau wadda ake gani ta ƙasa, ka jira ta buɗe, sai ka ɗaga ka leƙa cikinta da ƙafafunta ba tare da ka taɓa ba. Ka fara da ƙafa, domin silin gashin mutum ko zaren tsumma na naɗe musu a ƙafa ya datse jini har ƙafar ta kumbura, abu ne da ke faruwa sosai kuma yana iya kaiwa ga yanke ƙafar. Farce in ya yi tsawo yana lanƙwasa ya shiga tafin. Sai fata: yawan susa, amosani fari a gindin ƙaya, ɓawo a gefen kunne da fuska, ƙaya na zuba a babbar bushiya, wannan yawanci wasu mitsi mitsin ƙwarin fata ne ko makero, kuma makeron yana kama mutum. Kar ka shafa mata maganin ƙwarin kare ko wani man ƙamshi da ka gani a intanet, wasu guba ne gare ta. Sai baki: tana tauna ta gefe ɗaya, tana zubar da abinci, dalala, wari, kumburi a muƙamuƙi. Ciwon haƙori da dasashi da ƙari a baki sun yi yawa a jinsin nan musamman in sun haura shekara 2 zuwa 3, dama tsawon ransu kamar shekara 4 zuwa 6 ne. Jini a fitsarin mace ba abin jira bane. Jan ƙafar baya da faɗuwa gefe yana iya zama sanyi, yana iya zama ciwon kunne, yana kuma iya zama wata cutar jijiya da ke kama su a hankali, likita ne zai bambance.

Ka riƙa ɗora ta a sikelin kicin sau ɗaya a sati kana rubutawa, ƙaya na ɓoye rama, sikeli baya ɓoyewa. Kuma kar ka yi mamaki in likita ya ce sai ya shaƙa mata iskar sa barci kafin ya duba ta, dunƙulalliyar bushiya ba wanda ke iya ganin cikinta.

Mataki na takwas: in tsoro ne kawai, ga yadda ake rage shi

Ka kwana da tsohuwar riga dare biyu, ka duba ba zare mai zazzagowa, ka sa mata a maɓoya. Zata riƙa barci cikin warinka har ta haɗa shi da kwanciyar hankali. Wajen ɗauka, ka shimfiɗa hannu biyu a ƙasa ta gefe da gefe ka zura su ƙarƙashin cikinta kamar zaka kamfaci ruwa, ka ɗago gaba ɗaya ba ɗar ɗar, don hannu mai rawa yana taɓawa yana janyewa ya fi tsorata ta. In ƙayar na damunka ka sa tsumma mai laushi, amma banda safar hannu mai kauri, tana toshe warinka kuma baka jin yadda kake matse ta.

Yanzu ga inda yawancinmu ke faɗuwa. Ka ɗauke ta, ta yi huci, tausayi ya kama ka, ka mayar. Me ta koya? In na yi fuu ƙaton nan yana ajiye ni. Gobe zata ƙara ƙarfi. Ka zauna da ita a cinyarka, ka lulluɓe ta, ka ci gaba da danna wayarka ka ƙyale ta, ba shafa ba leƙe. Sai ta yi shiru ta fito da hanci sannan ka bata lada, tsutsar kiwo ɗaya ko biyu da ɗan cokali ba da yatsa ba, kuma a lokacin da take shiru zaka mayar da ita. Aƙalla minti 30 kullum, a lokaci ɗaya, ba sau ɗaya a sati na awa uku ba. In ta fara yarda ka shafa daga kai zuwa baya yadda ƙayar ta kwanta, fuska da goshi su zo daga ƙarshe.

Cizo ba kasafai yake zuwa da huci ba, yawanci lasa ce ke gabansa, ta ji gishirin gumi ko warin abinci a yatsanka. In ta fara lasa ka janye. In ta riga ta kama kar ka fizge, ka tsaya cak zata saki, kuma ba duka ba ɗalli a hanci, duk wannan tabbatar mata kake cewa dama kai abin tsoro ne. Haka in ka ga ta lashi wani sabon abu sai bakinta ya cika da kumfa ta murɗe jiki tana shafa kumfar a ƙayarta har tana faɗuwa, kar ka ruɗe ka ce farfaɗiya ce ko haukan kare, ɗabi'arsu ce in sun ci karo da baƙon wari.

Wuri ɗaya ne duk wannan shawarar bata aiki, wato uwa mai jego. Cikinsu kamar kwana 35 ne, kuma ana yawan sayen mace ba a san da ciki ba. In ka ji tsuwa a maɓoya kuma hucinta ya ninka, ka sa abinci da ruwa ka ja jikinka, kar ka taɓa jariran kar ka share wajen na wajen sati biyu, uwar da aka takura tana iya yasar da su ko ta cinye su.

Bayan kun gama zama ka wanke hannu da sabulu, kuma duk yadda ta baka sha'awa kar ka sumbace ta, suna iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum gudawa da zazzaɓi ko da lafiyarsu ƙalau, a 2019 sai da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ja kunnen masu kiwonsu a kan haka bayan mutane sun kamu a jihohi da dama.

Gaskiya akwai wadda har ta tsufa bata daina hucin gaisuwa ba, halinta ne, kamar yadda wani mutum baya tashi barci da fara'a. Don haka ni ba ƙirga hucin nake ba, lokaci nake dubawa, daga ɗauka zuwa fitowar hanci. Tawa a satin farko sai ta yi wajen minti 20 a dunƙule, bayan wata biyu ya dawo minti biyu, yanzu fuu biyu take min sai ta miƙe ta shige hannun rigata ta kwanta a gwiwar hannu.